Yadda ake fita yawon keke a ƙungiya a Jos, da abin yi idan taya ta yi faci

Jos gari ne da ya dace da keke. Yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa za ka iya murza feda har hantsi ya ɗaga ba tare da rana ta gasa ka ba. Sai dai tudun nan yana zuwa da nasa sharaɗin: hawa da gangara, tsakuwa, hanyoyin burji, ƙaya a gefen gonaki, ga fasassun kwalabe da ramuka a cikin gari. Mutum goma ba za su yi awa uku a kan irin waɗannan hanyoyi ba a rasa tayar da ta sace. Abin da ke raba fita mai daɗi da wadda ake komawa gida da ɓacin rai shi ne yadda ƙungiya ta shirya wa wannan facin tun daga gida, da yadda ta tsaya wa wanda abin ya samu. Duk tsarin da zan kawo yana kan wannan ne.

Zaɓen hanya da rana

Ku auna tafiyar da wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Idan akwai sababbin shiga, kilomita 20 zuwa 30, zuwa da dawowa, sun isa. Ƙungiya mai yawon shaƙatawa ba ta cika wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ba, ga tsaye-tsaye, don haka ku ware awa uku, ku ƙara rabin awa na faci tun kafin ya faru.

Ɓangaren Rayfield ya fi sauƙi ga fitar farko, kuma daga nan ana iya miƙawa Bukuru idan ƙafa ta saba. Hanyar Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere ta fi kyawun gani, tana kuma neman ƙarfi. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, amma ba wanda ya ce sai kun hau, isa gindinta ma fita ce. Hanyar Vom ta waɗanda suka riga suka goge ce. Hawan Kibo kuwa, a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Gangara ce doguwa da manyan motoci ke bi, birkin keke yana zafi a irinta, kuma ba wurin da za a kai mai koyo ba ne ko da wasa.

Asabar ta fi dacewa da ƙungiyar da ta haɗa Musulmi da Kirista, tunda ba ta ci karo da Juma'a ko coci ba. A haɗu da gari ya waye, bayan an dawo daga sallar Asuba, a dawo kafin Azahar. Da damina hadari ya fi haɗuwa daga rana zuwa yamma, kuma ruwan Jos wani lokaci har da ƙanƙara yake zuwa. Da hunturu kuma, musamman Disamba da Janairu, sanyin safe yana daskarar da yatsu har mutum ya kasa matse birki da kyau, sai a sa safar hannu da riga mai kare iska.

Mutum biyu su bi hanyar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ko a babur ne. Su lura da inda ake aikin titi, inda masu faci suke zama, da inda za a iya tsayawa a huta. Su kuma tambayi mutanen yankin halin da ake ciki. Duk ɗan Jos ya san akwai ranakun da ba a ratsa wasu wurare, kuma ba abin kunya ba ne a sauya hanya ko a ɗage fita saboda haka.

Daren jajibiri: kowa ya duba tayarsa

Rabin facin da ake yi a hanya daga gida ake fitowa da shi. Ka ɗaga keken, ka juya wili a hankali, ka bi tayar da ido. Duk ɗan gilashi ko tsakuwar da ta maƙale a jikin roba ka ƙwaƙule ta da tsinke, domin irinsu ne ke nitsewa kaɗan-kaɗan har su kai ga tiyub. Idan tayar ta suɗe har zare ya fara leƙowa, ko gefenta ya tsattsage saboda daɗewa, canza ta. Kekunan gwanjo da yawa suna zuwa da taya mai kyawun gani wadda robarta ta riga ta bushe.

Sannan ka karanta rubutun da ke gefen tayar. A nan girmanta yake. Za ka ga 26, ko 27.5, ko 29, ko 700C, ko kuma 28 x 1½ a kan tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix. Akwai kuma lamba mai kashi biyu, kamar 50-559 ko 28-622. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma girman rim ne, wato da'irar ƙarfen da taya ke hawa, ita ce ba ta yaudara. Taya 29 da 700C duk 622 ne, amma 28 x 1½ ta tsohon keke 635 ce, tayar ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Ka ɗauki hoton lambar a waya kafin ka je sayen tiyub.

Bawul ma iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wato Schrader. Akwai siriri mai ɗan noti a kai da sai an warware kafin iska ta shiga, wato Presta, wanda ramin rim ɗinsa ƙarami ne, bawul ɗin mota ba ya shiga. Sai na tsofaffin kekuna, Dunlop, mai 'yar roba a ciki. Famfonka dole ya dace da bawul ɗinka, kuma a gida ake gwada wannan, ba a bakin titi ba.

Iska kuwa, iyakarta tana rubuce a gefen taya. Siririyar tayar kwalta takan so psi 80 zuwa 100 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), mai faɗi ta hawan dutse kuma 30 zuwa 50. Mai jiki ya matsa kusa da ta sama, mara nauyi ya sassauta. Taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi saurin faci a hanyoyinmu, domin da ta daki bakin rami sai rim ya danne tiyub ya tsaga shi. Ka ba ta iska da daddare, ka sake taɓa ta da asuba. Idan ta yi laushi cikin dare, akwai ƙaramar huda, ka gyara kafin ka fito.

Kayan da ake ɗauka

Kowane mutum ya zo da tiyub ɗaya aƙalla mai girman tayarsa, a naɗe cikin tsohuwar safa ko leda don kada makulli ya goge shi, da libar cire taya guda biyu ta roba, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa irin dabino ko ayaba ko gyaɗa, da 'yan kuɗi a hannu. Tiyub ba abin da za a dogara da na wani ba ne. Mai taya 26 ba zai ceci mai 700C ba, komai son da yake masa.

Sauran kayan ƙungiya ce ke raba su: famfo biyu masu cin kowane bawul, fakitin faci da sholisho da samfefa, sifana mai lamba 15 don kekunan da wilinsu na noti ne, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, ƙaramar filaya, tsumma, biro, guntun tsohuwar taya mai tsawon yatsa, da akwatin taimakon gaggawa. A buɗe sholishon a matsa a gani. Wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a cikin bututunsa, waje kuwa yana nan kamar sabo. Mafi yawan kayan nan su kasance a hannun na ƙarshe a layi, domin shi ne zai iske duk wanda ya tsaya.

Tsarin tafiya

A naɗa mutum biyu kafin a tashi: jagora a gaba wanda ba a wuce shi, da mai rufe baya wanda ba ya wuce kowa. Na bayan ya zama wanda ya fi iya gyara kuma ya fi haƙuri. Su biyun su riƙe lambar juna, kowa kuma ya san lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Hular kwano a kan kowa, ba mai cewa ai kusa ne.

A bi hannun dama, layi ɗaya a cikin gari. Kada a manne wa bakin kwalta sosai, domin can ne iskar motoci ke tara gilashi da ƙusoshi da siraran wayoyin da ke fita daga fasassun tayoyin tirela. Na gaba ya nuna rami da hannu ya kuma faɗa da baki, na bayansa ya isar. A bar tazarar keke ɗaya ko biyu a tsakani, a gangara kuma a ninka. Idan rami ya zo ba makawa, ka ɗaga daga sirdi, ka sassauta gwiwa, ka saki birki kafin taya ta shiga.

Da kun sauka kan burji, ku riƙe sawun da ƙafa da babura suka daddaɓe. Gefen hanya ne gidan tsidau da sauran ƙayoyi, haka ma gindin shingen ƙerana da manoma ke kewaye gonakinsu da shi. Wurin hutawa ma a kula: mutane kan tura keke cikin ciyawa don neman inuwa, su fito da ƙaya uku a taya. A ɗaga keken a kai shi, kuma kafin a tashi kowa ya juya wilinsa ya duba.

Taya ta sace

Za ka ji keken ya yi nauyi, ko bayan yana lilo, ko kan keken ya ƙi bin hannunka. Kada ka danne birki da ƙarfi, musamman idan ta gaba ce. Ka ɗaga murya ka ce "Faci!", ka rage gudu a hankali, ka fita daga titi. Na kusa da kai ya isar da maganar har ta kai ga jagora. Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gaba. Mita ɗari a kan taya mara iska sun isa su tattauna tiyub su kuma lanƙwasa rim.

Kowa ya tsaya, kuma kowa ya sauka daga kwalta, keke da mutum. Ba a tsayawa a kan kwana ko bayan tudu inda direba ba zai hango ku ba, gara a tura keken gaba kaɗan. Mutum biyu sun isa aikin, ɗaya na gyara ɗaya na miƙo kaya. Sauran su sha ruwa, su duba nasu tayoyin. Kuma a bar yi wa mai facin gaggawa. Wanda aka tsaya a kansa ana duba agogo shi ne ke mayar da tiyub a kan ƙaya. Idan sabon shiga ne, ko dattijo, a ce masa, "Baba, zauna ka huta, bari mu duba," amma a bar shi ya ga yadda ake yi.

Da farko a cire wili. Idan na baya ne, ka sa sarƙa a kan ƙaramin haƙori na baya kafin komai, hakan ne ke sa ya fita da sauƙi ya kuma koma da sauƙi. Ka ɓalle birki ya buɗe baki idan irin mai matse rim ne. Ka cire waya da fitila daga kan keken, ka kife shi a kan sirdi, ka buɗe ɗan hannun da ke riƙe wilin ko ka kwance noti da sifana. Ka ja hannun giya baya, wato ƙarfen da sarƙa ke ratsawa a ƙasan haƙoran baya, wilin zai fito. Idan birkinka na faifai ne mai amfani da mai, kada kowa ya matse shi alhali wili na waje, domin zai haɗe baki ya hana faifan komawa. Faifan kuma yana da zafi bayan gangara.

Tsohon keke mai birkin ƙarfe da murfin sarƙa, kada ka wahalar da kanka da cire wilin baya. Kwantar da shi, ka ɓalle gefen taya ɗaya, ka zaro tiyub ka liƙe shi a wurin, kamar yadda masu gyaran keke suka saba yi.

Sai buɗe taya. Ka fitar da sauran iskar duka. Ka bi tayar kana matse gefunanta zuwa tsakiyar rim, inda yake da ɗan zurfi, wannan ne ke ba ta sako-sako. Ka sa liba ɗaya a ɓangaren da ya fi nisa da bawul, ka ɗago bakin tayar, ka maƙale libar a sifok, wato wayar wili. Ka sa ta biyu kusa da ita, ka ja ta zagaye. Gefe ɗaya kawai ake buɗewa. Sukundireba da cokali da makulli duk suna huda tiyub su kuma karce rim, a bar su.

Yanzu aka zo wurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kada ka jefar da tsohon tiyub gefe ka ɗauko sabo. Zaro shi a hankali, ka riƙe shi yadda yake kwance a cikin tayar, ka ba shi iska har ya kumbura, ka bi shi kusa da kunne ko leɓe har ka ji inda take fita. Ɗan yawu a wurin zai yi kumfa ya tabbatar. Ka zagaye hudar da biro, sannan ka karanta ta, domin ita ce za ta gaya maka abin da ya faru.

Huda ɗaya ƙarama a bayan tiyub, ɓangaren da ke kallon ƙasa, ƙaya ce ko gilashi ko waya, kuma sau da yawa tana nan a jikin taya. Tsaga biyu gefe da gefe, kamar saran maciji, rim ne ya danne tiyub a bakin rami, wato iska ta yi kaɗan. Huda a ciki, ɓangaren da ke kallon rim, alama ce cewa ƙyallen da ke rufe kawunan sifok ya goce ko ya yage, sai a gyara shi ko a liƙa wani abu a wurin. Idan a gindin bawul ne, wannan tiyub ya gama aiki, ba ya liƙuwa. Idan kuwa fashewa ce babba da ƙara, ka duba gefen tayar, ko dai ta yage ko tun farko an matse tiyub a ƙarƙashin bakinta.

Ka ɗora tiyub ɗin a kan wilin, bawul a daidai raminsa, sai hudar ta nuna maka inda za ka duba a jikin taya. Ka fara shafa cikin tayar da tsumma, zai kama a duk inda abu ya tsiro, sannan ka bi da yatsa a hankali, don waya tana yanka. Ka lanƙwasa robar a wurin, ƙayar da ta karye a ciki za ta leƙo, ka cire ta da filaya. Ko ka sami ɗaya, ka ƙarasa zagayen. Tsidau ba ya zuwa shi kaɗai. Ban san wani dalilin da ke cinye tiyub ɗin ƙungiya kamar barin ƙaya a taya ba: a sa sabo, a yi tafiyar minti biyar, a sake tsayawa.

Da ka tabbata tayar ta fita tas, ka ba sabon tiyub iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffa. Ka fara zura bawul a miƙe, ka cusa sauran cikin taya ba tare da ya murɗe ba. Ka soma mayar da bakin tayar daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul, hannu biyu suna tafiya hagu da dama har su haɗu a wurin bawul. Ƙarshen ne ke gardama. Ka sake matse sauran tayar zuwa tsakiyar rim, ka tura bawul ɗin ciki kaɗan, ka murza da tafin hannu. Liba a nan ita ce dabara ta ƙarshe, domin tana iya cizon sabon tiyub. Ka zagaya gefe biyu kana leƙawa, kada ko ɗan leɓen tiyub ya fito a ƙarƙashin taya. Ka ba da rabin iska, ka juya wilin ka ga siririn layin da ke gefen tayar ya zauna daidai ko'ina, sannan ka cika. Ƙaramin famfo yana gajiyarwa, a karɓi juna.

Mayar da wili, sarƙa a kan ƙaramin haƙorin nan, ka tabbata ya zauna sosai, ka ɗaure tam. Sannan ka mayar da birki. A sa wani daban ya matse birkin biyu ya gani kafin mai keken ya hau. A garin da gangara ke jiranka a gaba, wannan dubawar ba ta da madadi.

Liƙe tiyub

Idan akwai sabo, a sa shi, a liƙe tsohon a wurin hutu ya zama na ko-ta-kwana. Idan babu, ga yadda ake yi. Ka goge wurin ya bushe. Ka kankare da samfefa, faɗin ya ɗara facin, har ƙyallin robar ya tafi. Ka shafa sholisho siriri, shafa ɗaya, sannan ka jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi. Nan ne mutane ke kasa haƙuri. Facin da aka ɗora a kan ɗanyen sholisho ba ya kamawa. Da sanyin safe yakan ɗan ƙara daɗewa. Kada ka taɓa da yatsa, kada ka kunna masa ashana don ya yi sauri, kuma ka kare shi daga ƙurar hunturu da yayyafi. Ka ɓare takardar azurfar, ka ɗora facin hudar na tsakiya, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki na minti ɗaya. Kada ka kumbura tiyub ɗin a waje don gwaji, zai ja facin ya ɗaga. A cikin taya yake ƙarasa kamawa. Idan facin kanti ya ƙare, guntun tsohon tiyub yana yi, muddin an kankare shi an kuma shafa sholisho a ɓangarorin biyu. A rufe sholishon da kyau, kada kuma a bar shi a hannun yara.

Idan abin ya wuce tiyub

Taya da ta yage har ana hango ciki, sabon tiyub zai leƙo ta wurin ya fashe. Guntun tsohuwar tayar nan da kuka ɗauko ita za a shimfiɗa daga ciki a kan yagewar, a ba da iska ƙasa da yadda aka saba, a lallaɓa gida. Gida kawai za ta kai ka, washegari a sayi sabuwa.

Idan kaya sun ƙare, a nemi mai faci na bakin hanya. Ka gaya masa, "Malam, a hankali da iskar, ta keke ce," domin injinsa na tayar mota ne, yana cika ta keke cikin daƙiƙoƙi. Mai bawul ɗin Presta ya riƙe ɗan adaftan da ke mayar da shi irin na mota, in ba haka ba injin ba zai kama ba. Idan keken ya ƙi gyaruwa sam, a cire wilin gaba a sa shi a Keke Napep ko motar da aka yi magana da ita tun farko, mutum ɗaya ya raka mai shi. Ba a barin kowa shi kaɗai a hanya, ko da ya ce ku tafi zai biyo baya.

Da kun dawo wurin da kuka tashi, a ƙirga mutane, a tattara tiyub ɗin da suka huje a ba wanda zai liƙe su cikin mako. A gida akwai bokitin ruwa, ƙananan hudojin da kunne bai ji a hanya ba duk za su nuna kansu da kumfa. Wanda ya ari tiyub ya saya ya mayar kafin Asabar ta zagayo, wanda kuma ya yi faci ya sake taɓa tayarsa washegari da safe.